Daga ina hayaƙin yake zuwa? Lamarin wata unguwar Hausawa a bakin Shuɗin Nilu, 2017 zuwa 2023

Unguwar

Unguwar tana ƙasar Sudan, a gaɓar yamma ta kogin Shuɗin Nilu, kudu da birnin Wad Madani, a gefen wani matsakaicin gari da ba sai na faɗi sunansa ba. Mu a nan ba ma cewa Nilu, bahar kawai muke ce masa. Gidajen sun haura ɗari huɗu, kusan duk na Hausawa. Wasu kakanninsu na cikin ayarin da ya biyo Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, bayan yaƙin Burmi na 1903. Wasu kuma maniyyata ne da guzuri ya ƙare musu a hanya, suka tsaya tsinkar auduga a gandun Jazira bayan an gama madatsar Sinnar a 1925, aikin hajjin ya koma wuyan jikoki.

Sai mai karatu ya riƙe fasalin wurin a ransa, don duk labarin a kansa ya rataya. Gabas bahar ne. Arewa akwai kor, wato kwarin da ruwa ke bi da damina ya bushe sauran shekara. Hayin kor, ta arewa maso gabas, akwai jarif, gaɓar da ruwa ke janyewa ya bar laka, a nan ake buga jan bulo. Kudu kuma kasuwa ce, da tashar raksha, wato keke mai ƙafa uku na haya, da layin masu agashe, wato tsiren da Hausawa suka kawo Sudan har ya zama abincin kowa.

Bulon da laka da kashin dabbobi ake kwaɓa shi, zibala muke ce wa kashin. A buga, a shanya, a jera dubbai a yi tsibi mai ramukan wuta a ƙasa, a shafe bayansa da taɓo, a cusa itacen bagaruwa a cinna. Wannan tsibin shi ne kamina. Aikin yana farawa in ruwa ya janye wajen Oktoba, ya tsaya in damina ta kawo kai. A shekarun da nake magana akwai wuraren kamina 11 a wannan jarif, kuma fiye da rabin leburorin 'yan unguwarmu ne.

Iska kuwa, daga Nuwamba har zuwa bazara daga arewa take busowa. Da damina ta juya ta koma kudu maso yamma. Kowane masunci ya san haka.

Hukumar da ke kanmu ita ce mahaliyya, ƙaramar hukuma ke nan. Ita ke karɓar kuɗin shara, ita ke ba masu kamina da 'yan kasuwa takardar izini. A unguwa kuma akwai lajna, kwamitin da ke tsakaninmu da ita. Ni malamin firamare ne, kuma ni na riƙe littafin zaman lajna tun daga 2016, ba don wata bajinta ba, sai don babu mai son rubutu.

Hunturun 2017: farkon abin

Hayaƙi ba baƙo ba ne a wurinmu. Abin da ya zo sabo a Disamban 2017 shi ne warinsa da kwanciyarsa. Bayan isha sai wani abu fari-fari ya sauko cikin lunguna, ya kwanta daidai tsayin mutum, bai tashi sai rana ta ɗaga. Warin ba na itace ba ne, na roba ne, irin mai kama maƙogwaro. In ka shanya farar jallabiya ta kwana a igiya, da safe sai ka sake wankewa. Liman kan tsaya tsakiyar karatun asuba ya yi gyaran murya sau biyu, sahu kuwa tari kawai kake ji.

A ajina na yara arba'in da 'yan kai, akwai wata yarinya mai asma da ke zama gaba. A watan nan na ga tana numfashi da kafaɗu, tana riƙe bakin benci, ƙirjinta na fito kamar an matse ɗan tsako. Sau uku na ɗauke ta a raksha zuwa ƙaramin asibitin unguwa. Ma'aikacin lafiyar da ke wurin, wanda kowa ke kira Hakim ko da yake ba likita ba ne, ya ce mini: "Ustaz, wannan ta bakwai ke nan yau. Maganin shaƙa ya ƙare tun jiya."

Abubuwa biyu sun canja a shekarar, amma a lokacin ba wanda ya haɗa su da tarin. Motar shara da ke shigowa duk mako ta koma sau ɗaya a wata, mutane suka koma zubawa a kor. Itace kuma ya yi tsada, wasu masu kamina suka fara jefa tsofaffin tayoyi da baƙin man inji cikin ramukan wuta.

A ƙarshen watan lajna ta rubuta wa mahaliyya takarda. Ni na rubuta. Abin da na sa a ciki shi ne "hayaƙi ya dami unguwa". Ban faɗi wane hayaƙi ba.

2018: matakan farko na mahaliyya

Jami'an lafiya na mahaliyya sun zo a Fabrairu, da la'asar. Daga titi suka shigo, ta kudu. Abu na farko da suka tarar shi ne layin masu agashe sun hura gawayi, kitse na ɗiga, hayaƙi na tashi. Suka rubuta abin da suka gani suka juya kafin magariba.

Mako biyu bayan nan aka yi kasha. Kasha shi ne samamen da ake kai wa masu sana'ar bakin hanya: mota ta tsaya, a kwashe tebur, da waya, da murhu, sai ka biya tara a ba ka kayanka. An kwashe na masu agashe 9 da na matan da ke suyar ƙosai da safe. Wata dattijuwa da ta shekara ashirin tana suya a gindin darbejiya ta biyo ni har makaranta. "Ɗana, kai ka rubuta takardar?" Na ce ni ne, Inna. Ta ce: "To ka sake rubuta musu, ka ce an bar jaki ana dukan taiki." An yi kasha sau huɗu a shekarar. Kowane karo mutane su biya su dawo, don watan Janairun nan ne kuɗin burodi ya ninka, ba wanda zai iya zaman gida.

Mataki na biyu shi ne hawiya, babban akwatin ƙarfe na zuba shara. A Afrilu aka kawo guda biyu aka ajiye a bakin kor, da alkawarin mota za ta riƙa ɗauka duk kwana uku. Watan da aka kawo su shi ne watan da ƙarancin man dizal ya kama ƙasar, motoci suna kwana a layin gidan mai. Hawiya ta cika a mako guda, ta tumbatsa, shara ta kewaye ta. Ranar da aka fara cinna mata wuta ta kwana uku tana ci, don ƙarfen ya riƙe zafi, sharar kuma ta danƙare, ba ta ci da harshe sai dai ta yi ta turnuƙa. Kuɗin shara kuwa ba a daina karɓa ba. Mai karɓa na zuwa duk wata da rasiɗinsa, mota ce ba ta zuwa.

Mataki na uku tukunyar gas ce, anbuba. Aka rubuta sunayen gidaje 60 da za a ba su bashi su biya a hankali. An raba wa wajen rabinsu. Kafin shekara ta ƙare gas ɗin kansa ya zama sai an yi layi tun asuba, wani lokaci a dawo hannu wofi. Yawancin tukwanen sun koma kujerar zama a tsakar gida, mata suka koma gawayi.

Akwai wani zama da ba na mantawa, inda wani daga cikinmu ya kawo shawarar a hana mata dukhan, turaren jiki da suke yi da itacen ɗalih a cikin rami. Dattawa suka dubi juna. Ba wanda ya yarda ya kai wannan magana gidansa, ni ma ban sa ta a littafi ba sai yau.

Hunturun 2018 ya zo ya tarar da mu yadda na bara ya bar mu.

2019: umarnin rufe kamina

Shekarar ta tafi da zanga-zanga. A ranar 11 ga Afrilu aka sauke Umar al-Bashir, aka rushe tsofaffin lajnoni, daga baya aka kafa na canji da hidima, samari suka shigo. Sun bar ni da littafina.

Samarin suka ce kamina ce. Suka matsa wa mahaliyya, suka kawo dokar kare muhalli ta 2001 wadda ta hana gurɓata iska, har a Nuwamba aka fitar da umarnin a rufe duk kamina cikin kwana 15. An manna takardar a jikin bishiya. Ba a rufe ko ɗaya ba. Mahaliyya tana samun kuɗin izini da na kowace motar bulo da ta fita, masu kamina sun riga sun biya hayar jarif, kuma waɗanda suka fara zuwa gidan liman suna roƙon a janye maganar iyayen samarin ne, don da bulon suke ci.

An kuma dasa darbejiya 200 a bakin kor, da ɗaukar hoto. Ba a yi musu shinge ba, ba a ce wane zai ba su ruwa ba. Awaki sun gode.

Disamba 2019 zuwa Fabrairu 2020: littafin dare

Hakim ne ya kawo shawarar. Ya ce shekara biyu muna cewa hayaƙi, kowa na nuna wanda ya tsana, to a ƙirga mana. Ba mu da na'urar auna iska, garin gaba ɗaya ba shi da ita. Abin da muke da shi rufin masallaci ne, da gora mai tsumma a kai, da littafin makaranta mai shafi 80.

Tsarin shi ne: bayan isha da kuma kafin asuba, yara biyu daga cikin manyan ɗalibaina su hau rufin su rubuta abu uku. Ina tsumman ya nuna, ina ake ganin wuta, kuma hayaƙi ya shigo lunguna ko bai shigo ba. Da safe Hakim ya ƙara adadin waɗanda suka zo masa da ƙirji. Muka kuma yanka farin kwali, muka shafa masa basilin, muka rataye a wuri huɗu: bakin kor, tsakiyar unguwa, makaranta, da bayan layin masu agashe. Duk Juma'a a sauke a sa sabo.

Daga 1 ga Disamba zuwa 29 ga Fabrairu dare 91 ne. An rubuta 84, sauran sanyi ya hana yaran hawa ko biki ya ɗauke su. A cikin 84 ɗin hayaƙi ya kwanta a unguwa dare 61. A dare 47 akwai wuta a kor. A dare 22 akwai kamina da aka cinna da yamma, wasu dararen duka biyun sun haɗu, kuma washegarinsu ne layin Hakim ya fi tsawo. Hayaƙin masu agashe ya shigo cikin gidaje dare 3 kacal, ranakun da iska ta ɗan juya. Sauran dararen kudu ya yi, cikin gonaki. Kwalin bakin kor kan koma baƙi ƙirin a mako. Na bayan masu agashe ma yakan yi duhu, amma na makaranta da ke tsakanin su biyun, gefensa mai kallon arewa ne ke baƙi.

Hakim ya bayyana wa lajna dalilin kwanciyar hayaƙin. Da daren hunturu ƙasa kan huce da sauri, iska mai sanyi ta zauna ƙasa, mai ɗumi ta hau kanta kamar murfin tukunya. Hayaƙi ba ya samun hanyar sama, sai ya bi ƙasa da ɗan motsin iskar arewa, ya tsallako kor ya shige mu. Wutar rana ba ta haka, don zafi na ɗaga ta. Ya ce kuma abin da ke cutarwa ba baƙin da muke gani a kwali ba ne, ƙananan ƙwayoyi ne da suka fi silin gashi siranta sau talatin, waɗanda ke wuce hanci su kai can cikin huhu har jini. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iska, ta waje da ta cikin gida, tana kashe mutum kusan miliyan 7 a shekara. Leda da roba in sun ƙone a wuta marar ƙarfi kuma, guba suke fitarwa ta daban.

Saura tambayar wa ke cinna wa kor wuta. Muka bi gidajen bakin kor ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda ya ɓoye. Wata Hajja ta ja ni har bayan katangarta ta nuna mini tsibin da ya kai rabin bango. "Ustaz, in ban ƙona ba, ƙuda ya cinye ni da rana, sauro da dare. Jiya maciji muka kashe a ɗakin girki. Kai za ka kwana da wannan?" Akwai kuma yaran da ke ƙona wayar lantarki don cire jan ƙarfe, amma su ba su da yawa.

Maris 2020: amalanke uku

Muka ɗauki littafin da kwalaye goma sha biyu muka je wurin jami'in mulki na mahaliyya. Ya jera kwalayen a kan teburinsa ya daɗe yana kallo. Ya ce gaskiya mota ɗaya ce ke aiki a duk garin, kuma ba za ta iya shiga lungunanmu kullum ba ko da akwai mai. Muka ce ba mota muke nema ba. A bar mana kuɗin sharar unguwa mu ɗauki karo, amalanken jaki, su kai shara bakin babban titi inda mota za ta ɗauka ba tare da ta shigo ba.

A nan aka cije. A lokacin duk kuɗin hukuma a Sudan da rasiɗin da ake kira Ornik 15 ake karɓarsa, in ya shiga kuwa baitulmali ya tafi, ba mai ikon ya ce a bar shi a unguwa. Zama uku aka yi kafin a sami mafita. Mahaliyya ta rage kuɗin da take karɓa a wurinmu zuwa kashi ɗaya cikin uku, ta ware fili a kudu maso yamma, tafiyar kilomita 2, ta ɗauki alkawarin mota sau ɗaya a mako zuwa can. Abin da ya rage kuma ba a kira shi kuɗin shara ba, aka ce gudummawa ce, unguwa ta tara da kanta.

Maza ba su taɓa kuɗin ba. An ba matan da ke riƙe adashi, wanda a nan ake ce wa sanduƙ, kowace da layinta, don su suka san gidan da aka yi albashi da gidan da aka kwana ba a ɗora tukunya ba. Gidajen marayu da tsofaffi 30 aka yafe musu. Karo uku suka fara aiki a tsakiyar Maris, kowane lungu sau biyu a mako, mai karo na buga ƙarfe a fito da buhu.

A makon farko masu karo suka yi ƙorafin nauyi. Da aka zazzage buhunan sai aka ga rabin kayan toka ce da ƙasar shara da kashin awaki. Aka ce a riƙa ware su. Toka ta tafi cike ramukan lungu, kashin kuma masu karo suka riƙa sayar wa masu kamina a matsayin zibala, ya zama musu ƙarin kuɗin shiga. Abin da ke isa filin titi ya koma yawanci leda da gwangwani da tsumma.

Ba a rasa tuntuɓe ba. A Mayu aka kama mai karo ɗaya yana juye kaya a magudanar gona don ya rage tafiya, aka karɓe aikin aka ba ƙaninsa. Wani jakin ya ci leda ya mutu, sai da aka yi karo-karo. Motar mahaliyya ta yi mako uku ba ta zo ba lokacin kullen korona, wani ya cinna wa filin wuta, sai dai hayaƙin bai zo mana ba.

A Yuni aka yi nafir, gayya ke nan, Juma'a biyu a jere, aka kwashe abin da ya taru a kor. Hawiya biyun nan mahaliyya ta zo ta ja abinta.

Satumba 2020: ambaliya da maganar kamina

Ruwan shekarar ya wuce na 1946 da na 1988. A Khartoum bahar ya haura mita 17 da rabi, gidaje sama da 100,000 suka rushe ko suka lalace a faɗin ƙasa, gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci ta wata uku. Mu mun rasa gidaje a layin gabas. Da kor na cike da shara kamar bara, da ruwan ya hau unguwa ta arewa ma.

Masu kamina sun fi kowa asara. Bulon da suka tara ya narke, iyakokin jarif suka ɓace, kowa sai ya sake neman izini kuma ba kuɗi a hannu. Ga shi kowa na neman bulo don gyaran gida. A Oktoba aka zauna a masallaci, da su, da liman, da masu jarif, da wakilin mahaliyya. Wannan karon ba wanda ya ambaci rufewa.

Mahaliyya ta ce duk wanda ya koma jarif ɗin kudu da unguwa an yafe masa kuɗin izinin shekara, rabin na shekara mai zuwa kuma. Masu kamina suka ce lakar kudu tana da yashi, hanyar mota kuma ba kyau. Masu filin kudu, da suka ga an zo nemansu, suka ɗaga haya, sai da liman ya taka har gidajensu. A ƙarshe 6 suka koma, 5 suka zauna.

Waɗanda suka zauna aka yi musu sharaɗi huɗu daga Disamba zuwa Fabrairu: ba taya ba baƙin mai, ba a cinna kamina biyu rana ɗaya, a cinna da hantsi ba da yamma ba, kuma a ƙara wa bulo kwanakin shanya. Na ƙarshen nan ba daga gare mu ya fito ba. Wani tsohon usta ne, wato gwanin aikin, da ya yi shekara arba'in yana wuta ya ce: "'Ya'yana, ku bar zancen itace. Ɗanyen bulo shi ke hayaƙi. Sa'o'in farko ruwa wuta ke kora, shi ne farin nan mai nauyi. In bulo ya bushe, wuta ta kama da rana, kafin dare ta yi ja." Leburori sun so cinnawar yamma don gudun rana, amma a hunturu ranar ba ta da zafin da za a yi gardama a kai. Masu kamina kuma suka lura busasshen bulo ya fi cin itace kaɗan, ya fi rage fasassu, wannan ya fi duk wata takarda riƙe su.

Maganar taya ba jami'i ne ya tsare ta ba. Wanda zai jefa tayar a unguwa yake kwana, kuma matarsa ce ke karɓar gudummawar layinsu.

Kor kuwa, da ya bushe, samari suka share shi suka kafa sandunan raga. Wurin da ake buga ƙwallo kowace la'asar ba a zuba masa shara.

2021 zuwa farkon 2023

Abin da ya kusa kashe tsarin karo kuɗi ne. A Fabrairun 2021 aka karya darajar fam ɗin Sudan daga 55 zuwa 375 a kan dala, a Yuni aka cire tallafin mai, a Yuli hauhawar farashi ta haura kashi 400 cikin ɗari. Gudummawar da aka yanka a Maris 2020 ba ta sayen dusar jaki ta kwana biyu. Masu karo biyu suka koma jigilar ruwa. Wata uku lungunan yamma ba a kwashe ba, wuta ta sake bayyana a bayan gidaje.

Matan sanduƙ ne suka warware. Suka ce a daina yanka kuɗi da lamba, a ce kowane gida kuɗin burodi goma a mako, ko nawa burodi ya kai ranar. Ba a sake zama a kan farashi ba.

An maimaita littafin dare a hunturun 2021 zuwa 2022. An rubuta dare 80, hayaƙi ya kwanta a 23, kusan duka daga kaminonin da suka rage a arewa. Hunturun da ya biyo baya biyu daga cikinsu suka bi 'yan'uwansu kudu. Hakim ya ce masu zuwa da ƙirji da safe sun ragu sosai a yara, amma a mata manya bai ga wani bambanci ba. Har farkon 2023 masu agashe suna nan inda suke. Ba a sake yi musu kasha da sunan hayaƙi ba, ana dai yi da wasu sunayen.

Bayan 15 ga Afrilu 2023

Da yaƙi ya ɓarke a Khartoum, 'yan'uwa suka kwararo, gidan mutum takwas ya koma na ashirin. Aka ƙara karo biyu. Motar mahaliyya ta daina zuwa a tsakiyar shekara. A Disamba, da Wad Madani ta faɗi, yawancinmu muka watse, wasu Gadarif, wasu Kasala. Littafin yana cikin jakar da na fita da ita.

Abin da na fahimta

Matakan 2018 ba mugunta ce ta kawo su ba. Jami'i yana aiki da rana, ta titi yake shigowa, kuma abin da dokarsa ta ba shi a hannu tara ce. Hayaƙin da zai gani a wannan lokaci, a wannan hanya, wanda kuma mai shi ke tsaye a gefensa da za a iya karɓar kuɗi a hannunsa, na mai agashe ne. Wutar kor ba ta da mai ita, kuma sai ya tashi aiki take farawa. Takardar da na rubuta ma ta taimaka wa kuskuren, tunda ban ce daga ina ba, ban ce yaushe ba.

Hawiya da anbuba dabaru ne masu kyau a wurin da mai da gas ba sa yankewa. Duk abin da muka jingina da dizal ya faɗi, abin da muka jingina da jaki da adashi ya tsaya har yaƙi ya zo. Amma kada a ɗauka unguwa ce ta yi ita kaɗai. Abu uku da suka juya lamarin, wato rage kuɗin shara, ware fili, da sassauta izini ga mai komawa kudu, duk sa hannun mahaliyya ne, ba kuma wanda ya ci mata kuɗin kirki. Ta fi amfani ranar da ta saki wani abu daga hannunta fiye da ranar da ta aiko mota. Haka kuma ban yarda da na ce wayonmu ne ya matsar da kamina ba. Ba don ambaliya ta share jarif ta bar masu kamina ba ko sisi ba, da har yanzu ana zaman masallaci.

Akwai abu biyu da ba na alfahari da su. Hayaƙin kaminonin da suka koma kudu bai ɓace ba, wuri ya canja. Akwai ƙauye bayan gonakin, kuma a hunturun 2022 dattawansu sun zo sun yi mana magana, muka ba su shayi da haƙuri. Na biyu, littafinmu daga rufin masallaci aka rubuta shi, saboda haka abin da ke waje kawai ya gani. Matan da Hakim ya ce ba su sami sauƙi ba suna durƙushe ne kan murhun gawayi da kaskon kisra, gurasarmu ta dawa, a ɗakin girki marar taga, safe da yamma, kuma a dare 164 da muka ƙirga ba mu taɓa rataye kwali ko ɗaya a can ba.